Ingilishi A Jami'a: Doka Ta Faɗa, Saura A Gani A Agadas

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdurahaman Tiani ya sa wa hannu ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci kafaɗa da kafaɗa a matsayin harsunan aiki. A cikin watan nan ne kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a birnin Yamai aka aza harsashinta a 1970. An sha muhawara a kan matsayin Hausa, a gidajen rediyo da wuraren shan shayi, amma batun Ingilishi ya wuce kamar ba a faɗe shi ba. Alhali kuwa shi ne ya fi tsada, domin Hausa tana da miliyoyin masu jinta tun kafin a haifi waɗanda suka rubuta kundin, shi kuwa Ingilishi sai an koya wa mutum shi a aji, da malami, da littafi, da albashi. Harshen aiki yana bukatar ma'aikacin da zai yi aikin da shi, kuma jami'a ce ke fitar da wannan ma'aikaci.

Sanin kowa ne cewa Ingilishi ba baƙo ba ne a lakwal ɗin ƙasar nan. Yaro yana fara shi tun ajin farko na kwaleji, ya yi shekara 4, ya ƙara 3 a lise, a kuma jarraba shi a kansa wajen BEPC da wajen bak. A yi lissafi irin na ɗan kasuwa: ko da an ce awa 3 kawai yake samu a mako, mako 25 a shekara, to cikin shekara 7 ya tara awa 525. Hukumar jarrabawar Ingilishi ta Jami'ar Kambirij tana ƙiyasta cewa awa 500 zuwa 600 na karatu a gaban malami sun isa su kai mai koyo ga saman mataki na tsakiya. A takarda ke nan, mai bak ya riga ya isa wurin da ake so. A zahiri kuwa, duk wanda ya taɓa ɗaukar matashi aiki ya san abin da ke hannunsa: ya haddace jerin aikatau marasa bin ƙa'ida kamar karatun allo, yana iya cike gurbi a jimlar jarrabawa, amma idan aka miƙa masa wasiƙar kamfani mai shafi ɗaya sai gumi ya karyo masa. Awoyin an biya su daga baitulmali. Abin da aka saya da su ne bai iso ba.

Ya kamata a fahimci abin da ake nufi da mataki na tsakiya, domin a nan ne maganar take. Ma'aunin da Majalisar Turai ta fitar a 2001, wanda jami'o'in duniya da yawa ke aiki da shi, ya kasa sanin harshe gida shida, daga A1 zuwa C2. Na tsakiya su ne B1 da B2. Mai B1 yana gane jigon magana idan an yi ta a sarari a kan abin da ya saba da shi, yana iya fid da kansa a tafiya, ya rubuta gajeren bayani. Mai B2 shi ne ke karanta rubutu mai zurfi a fannin sana'arsa, ya zauna da baƙo su yi ciniki ba tare da ɗayansu ya wahala ba, ya kuma kare ra'ayinsa a rubuce. Tsakanin waɗannan matakai biyu ne akasarin masu koyo ke maƙalewa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. A farkon koyo kowace kalma sabuwa tana da amfani nan take, domin kalmomi 2,000 da aka fi maimaitawa su ne kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu. Amma kashi 80 na nufin a kowace kalma biyar akwai ɗaya da mai karatu bai sani ba, kuma sau da yawa ita ce mai ɗauke da ma'anar. Masani Paul Nation na ƙasar Niyu Zilan ya nuna a 2006 cewa sai mutum ya mallaki tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko littafi ba tare da ƙamus a gefe ba. Wannan tazara ba a cike ta da darasin nahawu a allo. Karatu mai yawa ne ke cike ta, da saurare, da rubutun da wani zai gyara.

Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci yana da rangwamen da ɗan Sin ko Balarabe ba shi da shi, saboda ɗimbin kalmomin ilimi na Ingilishi daga Faransanci da Latin suka fito. Sai dai wannan rangwame yana da tarko, kuma tarkon yana cin kuɗi. Kalmar délai a Faransanci wa'adi ce da aka ba mutum, amma delay a Ingilishi jinkiri ne da za a iya cin mutum tara a kansa. Billion na Ingilishi miliyan dubu ne, wato abin da Bafaranshe ke kira milliard, shi kuwa billion na Faransanci ya ninka shi sau dubu. Hatta waƙafi da ɗigo sun yi musayar aiki: 1,500 a takardar kaya daga Dubai dubu ɗaya da ɗari biyar ne, a idon wanda ya saba da lissafin Faransanci kuwa ɗaya da rabi ne. Mai ɗan sani ya fi jahili shiga haɗari a nan, domin jahili zai nemi tafinta, shi kuwa mai ɗan sani zai sa hannu.

Babu inda wannan giɓi ya fi fitowa fili kamar jihar Agadas. Ƙarfen uraniyom da ake haƙa a Arlit tun 1971, a kasuwar duniya da dalar Amurka ake faɗin farashinsa, a kan kowace laba, kuma kamfanonin Amurka ne ke wallafa farashin da kowa ke dubawa. Muddin abokin hulɗa ɗaya ne, kuma Bafaranshe, ana iya rufe ido ga wannan. Amma zamanin ya wuce: an rufe Cominak a 2021, an karɓe lasin Imuraren daga hannun Orano a 2024, an mayar da Somaïr mallakar ƙasa a 2025. Kamfanin Global Atomic na Kanada, mai haƙar Dasa inda gwamnati ke da kashi 20 cikin 100, da Ingilishi yake fitar da rahotanninsa ga masu hannun jari. Da aka janye lasin Madawela daga GoviEx a 2024, kamfanin ya kai ƙara gaban cibiyar sasanta rikicin jari da ke Washinton. Ƙasar da ta ce za ta sayar da ma'adininta ga wanda ta ga dama, to wajibi ne ta mallaki injiniyoyi da lauyoyi da jami'an kwastan da za su karanta kwangila da idonsu. In ba haka ba, an sauya mai saye ne kawai, tafintan kuma yana nan yana cin lada daga ɓangarorin biyu.

Ba ma'adini kaɗai ba. Ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda ake kira dinozor, da Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya tono a Gadufawa da kewayen Ingal, da Ingilishi aka bayyana wa duniya su a mujallar Science a 1998 da 1999, har da wanda aka raɗa wa sunan ƙasar, Nigersaurus. Ɗan Agadas da ke son sanin abin da aka ciro daga ƙarƙashin ƙafar kakanninsa sai ya bi ta wannan harshe. Sansanin jiragen Amurka mai lamba 201 ya zauna a bakin gari har zuwa Agusta 2024. Baƙin haure daga Gambiya da Ghana da Saliyo da kudancin Nijeriya sun shekara da shekaru suna ratsa garin, ƙungiyoyin agaji na biye da su, kuma duk wanda ya duba sanarwar neman ma'aikata ta irin waɗannan ƙungiyoyi ya ga sharaɗin Ingilishi a ƙasan shafi. Wannan sharaɗi guda yakan isa ya raba ɗan gari da kujerar ofis, ya bar shi da tuƙin mota ko gadin ƙofa. Shi ma ɗan kasuwa ya san Hausa tana kai shi Kantin Kwari ta dawo da shi lafiya, amma ba ta karanta masa takardar jirgin ruwa daga Gwanzu.

An kafa Jami'ar Agadas a 2014, tare da na Difa da Doso da Tilaberi, a zamanin shugaba Mahamadu Isufu, wanda shi kansa injiniyan ma'adinai ne da ya yi aiki a Somaïr. An ɗora ta a kan kimiyya da fasaha, a garin da ya daɗe da makarantar ma'adinai ta EMAIR. Wannan zaɓi daidai ne, kuma shi ne ya sa batun Ingilishi ya zama na gaggawa a gare ta fiye da sauran, domin akasarin binciken kimiyya na zamanin nan da Ingilishi ake wallafa shi. Al'adar da jami'o'in ƙasashe rainon Faransa suka gada ita ce a ɗauki Ingilishi a sassan kimiyya tamkar ɗan rakiya: ƴan awoyi a zango, maki kaɗan, ɗalibai cike da zaure, sannan a maimaita nahawun da aka riga aka yi a lise. Ɗalibi kuwa ba wawa ba ne. Idan ya ga darasi ba ya kayar da kowa, kuma makin lissafi yana iya rufe giɓinsa, zai ajiye shi sai daren jarrabawa. Sashen Ingilishi na Jami'ar Abdu Mumuni yana Yamai, tazarar fiye da kilomita 900, kuma aikinsa dabam ne: yana fitar da masanan harshen da malamansa. Abin da Agadas ke bukata shi ne masanin duwatsu mai jin Ingilishi, da masanin lantarki mai jin Ingilishi.

Akwai darasi a maƙwabta ga mai son ɗauka. A 1996 Janar Sani Abacha ya shelanta cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya. Shekaru kusan talatin bayan haka, mai neman ma'aikacin ƙaramar hukuma a Katsina da zai amsa wasiƙa da Faransanci zai sha yawo, domin shelar ba ta zo da malamai ba. Ruwanda ta yi akasin haka a 2008, ta juya harshen koyarwa daga Faransanci zuwa Ingilishi kusan dare ɗaya, sai malaman da su kansu ba su iya ba suka shiga koyar da yara da shi, aka ɗauki shekaru ana gyara. Aljeriya, wadda ke iyaka da jihar Agadas, ta shigar da Ingilishi a firamare a 2022, ta kuma matsa wa malaman jami'a su koye shi. Nijar ma ta taɓa jingina da taimakon waje: ƴan sa-kai na Amurka da suka fara zuwa a 1962 sun koyar da Ingilishi a makarantu, kuma da aka kwashe su a 2011 saboda tsaro, babu wanda ya tambayi ra'ayin ɗalibai.

Wasu za su ce ƙasar da ta kori harshen wani mai mulkin mallaka ba ta da dalilin rungumar na wani, kuma Hausa da Tamajak ne suka fi cancanta da kuɗin. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba a neman a koyar da yaron firamare na Tabelot da Ingilishi. An daɗe da sanin cewa yaro ya fi saurin iya karatu da harshen da ya sha a nono. Amma ɗalibin jami'a mai shekara 20 ba ya rasa Hausarsa don ya karanta littafin injin haƙa. Masu hali kuma ba su jira wannan muhawara ba. Sun daɗe suna tura ƴaƴansu Akara ko Zariya su yi wata shida ko shekara su dawo da Ingilishi, su karɓe guraben karatu na Indiya da Turkiyya da Malesiya. Idan jami'ar gwamnati ba ta koyar da shi da gaske ba, ba a hana Ingilishi shiga ƙasa ba, an dai keɓe shi ga ɗan mai kuɗi, an bar ɗan makiyayi da ɗan ƙaramin ma'aikaci a waje.

Abin da ya rage ga ma'aikatar ilimi mai zurfi ba shi da sarƙaƙiya. A auna kowane sabon ɗalibi a makon farko, a raba su bisa matakinsu, domin haɗa mai A1 da mai B1 a aji ɗaya ɓata lokacin dukansu ne. A rage yawan ɗalibai a ajin harshe yadda kowa zai buɗe baki ya yi magana. A sa abin karantawa ya fito daga fannin ɗalibi, rahoton haƙar ma'adini ga mai koyon ma'adini, littafin faifan hasken rana ga mai koyon makamashi, kuma a kowane zango malamin fanni ya ba da aƙalla rubutu ɗaya na Ingilishi da zai fito a jarrabawarsa. A mayar da B1 sharaɗin karɓar digirin farko, B2 kuma na digiri na biyu, bayan an ba da wa'adin shiri, kada a kayar da waɗanda ba a koya wa ba. A buɗe ajin yamma ga ma'aikatan kwastan da na baitulmali da ƴan kasuwa, kuɗin da za su biya ya taimaka wajen riƙe malamai. Su kuwa malaman, ba za a same su da kwantiragin da albashinsa ke makara ba, domin mai jin Ingilishi sosai a Agadas yana da inda za a biya shi ninki a ƙungiyar agaji. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna da sassan Ingilishi cike da malamai masu jin Hausa, kuma yarjejeniyar musayar malamai da su ta fi araha nesa ba kusa ba bisa ɗauko Bature daga Landan. Kasafin kuɗin shekara mai zuwa zai nuna gurbi nawa na malaman Ingilishi aka buɗe wa Jami'ar Agadas, kuma a wane wata za su fara karɓar albashi.