Na Zaune Bai Ga Gari Ba: Kai Manyan Yara Ziyarar Birni Daga Ƙasar Shanga

Gabatarwa

A yawancin gidajen ƙasar Shanga, da wuya a sami saurayi ko budurwa da suka fara ganin Birnin Kebbi ko Sakkwato cikin kwanciyar hankali. Ɗayan abu uku ne kan kai su: jinya, ko jarrabawa, ko neman kuɗi. Wanda jinya ta kai, harabar asibiti ce iyakar birninsa. Wanda jarrabawa ta kai, musamman tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan bisa kwamfuta, yakan isa a gajiye, ya kwana inda ya samu, ya juyo da zarar ya fito daga ɗakin jarrabawa. Wanda kuwa ci-rani ya kai, daga tashar mota yake fara karatun birni, kuma ba kowane darasin tasha ne uba zai so ɗansa ya ɗauka ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata magidanci a Shanga da maƙwabtanta Yawuri da Ngaski ya ware kwana uku ko huɗu, ko da sau ɗaya ne kafin 'ya'yansa su bar gabansa, ya tafi da su birni tare da mahaifiyarsu, ba don jinya ko biki ko ta'aziyya ba. Ya kamata kuma ya sakar musu wani ɓangare na shirin tafiyar, domin a cikin shirin ne mafi yawan amfanin yake.

Me ya sa manyan yara?

Ƙaramin yaro idan aka kai shi birni, abin da zai riƙe bai wuce alewa da fitilun titi ba. Ɗan shekara goma sha uku zuwa sha takwas kuwa yana bakin ƙofar fita ne. Cikin 'yan shekaru kaɗan zai bar gida, ko don karatu, ko don sana'a, ko don aure. Ya riga ya san birni ta wayar hannu, ya ga manyan motoci da kantuna a TikTok da Facebook, amma bai ga kuɗin haya da cunkoson masu neman aiki ba. Irin wannan rabin sani shi ke sa matashi ya raina gonar shinkafar ubansa, ya ɗauka arziki na zube a bakin titi. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya kusa da mahaifinsa ya ga nawa aka biya kwanon tuwo ɗaya a Sakkwato, ya kwatanta da abin da ake tuƙawa a gidansu kyauta, ya koyi abin da wa'azin shekara guda ba zai koya masa ba.

Tafiya ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Ta ƙasar Yawuri fataken goro suka riƙa bi zuwa Gwanja, kuma a Yawuri ne 'yan uwan nan biyu Turawan Ingila, Richard da John Lander, suka sauka a 1830 suna bin sawun takardun Mungo Park. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, dubban iyalai, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai, sun bar matsugunan kakanninsu zuwa sababbin garuruwa. Sai dai waɗannan duk tafiye-tafiye ne na fatauci ko na dole. Abin da bai samu gindin zama ba shi ne tafiyar da iyali za su yi da gangan don ilimi da hutawa. Har yanzu akwai masu kiran irinta yawon banza, alhali kuwa bakin da ya faɗi haka shi ne ke cewa tafiya mabuɗin ilimi.

Hanyar da ta dace da kwana huɗu

Ba sai an je Abuja ko Legas ba. Babbar hanyar da ta taso daga Yawuri ta ratsa Koko zuwa Jega ta isa ta kai iyali wurare da dama cikin da'ira ɗaya. Daga Jega sai a karkata ta Kalgo zuwa Birnin Kebbi, wanda ya zama babban birnin jiha tun da aka cire Kebbi daga Jihar Sakkwato a watan Agustan 1991. A nan yara za su ga fadar Sarkin Gwandu, da sakatariyar gwamnati inda ake yanke shawarar da ta shafi makarantarsu da hanyar garinsu, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Ɗalibin da ya taɓa shiga harabar babbar makaranta ya ga ɗakin karatunta, ya yi hira da ɗan garinsu da ke karatu a can, ba zai ƙara ɗaukar wurin a matsayin na 'ya'yan wasu ba.

Rana ta biyu Argungu. Gidan Tarihin Kanta tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, kuma a cikinta akwai makaman yaƙi da kayan kiɗa da kayan su, da kaburburan wasu sarakuna. Ga yaron da ya tashi a bakin kogin Kwara yana kallon taru da koma da gora, wannan ba baƙon tarihi ba ne. Zai ga kayan aikin gidansu ajiye ana girmama su. Zai kuma iya tsayawa a bakin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka fara a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya auna shi da bikin Rigata na Yawuri da ya sani.

Daga Argungu hanya ta miƙe zuwa Sakkwato, inda ya dace a kwana biyu. Akwai Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, akwai fadar Sarkin Musulmi, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu mai ajiyar tsofaffin rubuce-rubuce. Akwai kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975, wadda take da dangantaka ta musamman da wannan yanki: marigayi Farfesa Mahdi Adamu, masanin tarihi ɗan Ngaski, ya shugabance ta, haka ma Mai Martaba Sarkin Yawuri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi kafin ya hau gadon sarauta. Uban da ya tsaya a ƙofar jami'ar ya faɗa wa 'ya'yansa wannan, ya ba su hujjar da ta fi kowace nasiha. A hanyar dawowa ta Boɗinga da Tambuwal, ana iya ɗan tsayawa a Sifawa, inda Shehu ya zauna 'yan shekaru kafin ya koma Sakkwato, sannan a gangaro Jega a kama hanyar gida.

A sakar wa yara ragamar shiri

Kuskuren da ya fi yawa shi ne uba ya tsara komai shi kaɗai, ya kwashi 'ya'ya kamar kaya. Saurayi ɗan shekara sha bakwai ba ya jin daɗin a ja shi daga hubbare zuwa gidan tarihi ba tare da an nemi ra'ayinsa ba, kuma fushin da zai yi na iya ɓata tafiyar baki ɗaya. Abin da ya fi shi ne a zauna tun wata guda kafin tashi a raba aiki. Ɗaya ya je tasha ya tambayo kuɗin mota da lokacin tashinta. Ɗaya ta riƙe littafin lissafi, ta rubuta duk abin da aka kashe tun daga kuɗin keke Napep har ruwan sha. Wani ya tambayi malamin tarihinsu labarin Kanta da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, domin in an isa shi ne zai yi wa sauran bayani.

Kowane yaro kuma a ba shi damar zaɓen wuri ɗaya da yake son gani, ko da bai yi wa iyaye daɗi ba, muddin bai saɓa wa tarbiyya ba. Mai son ƙwallo ya ga filin wasa na Giginya. Mai sha'awar gyaran waya ya yini rabin rana wurin masu gyara a kasuwa. Mai son ɗinki ko saƙa ta ga aikin dukawa da majema, waɗanda fatar jan akuyar Sakkwato ta sa sunansu ya kai ƙasashen waje. Kada a cika kowace rana da wurare fiye da biyu, domin hirar da ake yi bayan sallar isha'i a masauki tana cikin ribar tafiyar. A gida, kunya da hidima kan hana uba da ɗansa doguwar magana. A kan hanya kuwa, inda kowa baƙo ne, sau da yawa bakin yaro kan buɗe.

Masauki ma yana buƙatar shiri. Sauka gidan 'yan uwa ya fi sauƙi kuma yana raya zumunci, amma manyan yara ba kamar ƙanana ba ne da za a shimfiɗa musu tabarma ko'ina. Dole a sanar da mai masauki tun da wuri yawan maza da mata, a kuma riƙa masa abin da ƙasar Shanga ke da shi, kamar shinkafa da albasa da bandar kifi, don kada baƙunci ya zama nauyi.

Hujjojin masu ja

Hujja ta farko kuɗi ce, kuma tana da ƙarfi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin da ya sa iyalai da yawa suka rage ko da ziyarar dangi. Ba za a ce wa wanda ke neman na cefane ya tafi yawon buɗe ido ba. Amma akwai gidaje masu yawa da kan kashe a bikin suna ɗaya ko ankon biki abin da zai ɗauki nauyin wannan tafiya. Buhun shinkafa da aka keɓe tun a masussuka, ko kwasar adashi guda, na iya wadatarwa in an tafi da guzuri daga gida. Wanda ƙarfinsa bai kai Sakkwato ba, ya tsaya a Birnin Kebbi da Argungu.

Hujja ta biyu tsaro ce. Mutanen wannan masarauta ba su manta da sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ba, ba su kuma manta da jirgin ruwan da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun shekarar ba. Tsoron iyaye yana da tushe. Sai dai tsoron bai hana matasa tafiya ba, ya dai sa suna tafiya su kaɗai. Ya fi kyau su koyi ƙa'idojin hanya a gaban iyayensu: a tashi bayan gari ya waye, a isa kafin la'asar, a shiga mota a tasha maimakon bakin titi, a tambayi direbobi labarin hanya, kowa ya riƙe katin shaidarsa, kuma waɗanda sai sun ƙetare ruwa su guji jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. In labarin hanya bai yi daɗi ba, a ɗage tafiyar. Birni ba gudu zai yi ba.

Hujja ta uku lokaci. Da damina hannun kowane yaro na da amfani a gona, da bazara kuma zafin Sakkwato ba ya barin baƙo yawo. Hutun makaranta na watan Disamba shi ya fi dacewa: an kawar da amfanin gona, akwai ɗan abin hannu, iska kuma ta yi sanyi.

Hujja ta huɗu ita ce wadda ba a cika furtawa ba, wato a tafi da maza a bar mata. Wannan shi ne babban rashin adalcin da za a iya yi a lamarin. Ɗa namiji ko ba daɗe ko ba jima zai ga birni. 'Ya mace kuwa sau da yawa ba ta ganinsa sai ranar da aka kai ta ɗakin miji, ko ranar da haihuwa ta zo da gardama. Ba ta da muharramin da ya fi mahaifinta, ba ta da lokacin da ya fi wannan. Yarinyar da ta ga ɗalibai mata sanye da hijabi suna karatun likita ko aikin jinya, ta san abin da za ta roƙa in ta koma gida.

Kammalawa

Ba iyaye kaɗai ke da rawar takawa ba. Ƙungiyoyin iyaye da malamai na iya haɗa gidaje biyu ko uku su ɗauki shatar mota ɗaya, ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin masarautar Yawuri da ke manyan makarantu kuma su zama 'yan jagora ga ƙannensu. Amma matakin farko na magidanci ne. Yaran da ke zaune a tsakar gidansa a yau za su ga birni ko ya so ko bai so ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya zaɓi wanda zai fara nuna musu shi, kuma lokacin yin wannan zaɓi gajere ne, domin shekarun da ke tsakanin aji uku na ƙaramar sakandare da barin gida ba su da yawa.