Uba na Ƙetare, Jariri na Sabon Gari: Wa Ke da Haƙƙin Hutun Haihuwa?

A ikilisiyoyinmu na Sabon Gari a Gusau, da Tsafe da Bungudu, mun saba ganin mace ta kawo jaririnta domin addu'ar miƙawa, uwar miji a gefenta, shi kuwa uban yana Ingila ko Dubai yana kallo ta waya. Wasu kan ce ai yanzu akwai hutun haihuwa na maza, me ya hana shi zuwa? Ya kamata mu san yadda dokar take kafin mu ɗora wa kowa laifi.

A watan Satumba 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da aka yi wa haihuwa. Takardar da ta biyo baya a 2022 ta ce kwanakin aiki ne, sau ɗaya cikin shekara biyu, har zuwa 'ya'ya huɗu. Amma wannan na ma'aikatan gwamnatin tarayya ne kawai. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba mace mako 12, ba ta ambaci uba ba. Don haka ɗan'uwan da ya ajiye aikin gwamnati ya tafi ƙetare ya bar wannan haƙƙi a baya.

A can kuma, dokar ƙasar da yake aiki ce ke hukunci, ba ƙasar da aka haifi jaririn ba. Ingila tana ba da mako biyu, amma kafin a biya mutum kuɗin hutun sai ya yi mako 26 a wurin aiki ɗaya kafin a shiga mako 15 na ƙarshen ciki. Wato sai ya fara aikin tun kafin cikin ya shiga. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana ba da kwanakin aiki biyar cikin wata shida na farko. Saudiyya kwana uku. A waɗannan ƙasashen Larabawa biyu, masu aikin gida, irin su direban gida da mai shara, ba sa ƙarƙashin babbar dokar ƙwadago.

To, mu auna kwana uku da hanyarmu. Mutum ya sauka Kano ko Abuja, ya jira gari ya waye domin ba a bin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe da dare saboda 'yan bindiga, kafin ya iso Gusau hutun ya ƙare. An tsara waɗannan dokoki ne domin uban da matarsa ke kusa da shi. Namu ba haka suke ba.

Nassi ya san wannan matsala. Maimaitawar Shari'a 24:5 ta ɗauke wa sabon ango zuwa yaƙi har shekara guda domin ya zauna da matarsa. 1 Timoti 5:8 ta tsawata wa wanda bai kula da iyalinsa ba. Aiko kuɗi kulawa ce, kada mu raina ta, amma kuɗi ba ya riƙe jariri da tsakar dare, ba ya raka mai jego asibiti idan jini ya ɓalle.

Ga shawararmu. Mai shirin tafiya ya karanta takardar aikinsa, ya tambaya ko shi cikakken ma'aikaci ne ko na wucin gadi. Da zarar an tabbatar da ciki ya sanar da wurin aiki a rubuce, ya tara hutunsa na shekara ya haɗa da na haihuwa. Kada ya zo ba izini ya rasa aiki da takardar zama.

Mu da ke gida kuma, kada mu bar komai a wuyan Zumuntar Mata. Dattawa da Zumuntar Maza su san kowace mai ciki da mijinta ba ya nan, su tanadi mota da wanda zai ba da jini tun kafin naƙuda. Inda doka ta tsaya, nan aikin ikilisiya ya fara. Ubangiji ya taimake mu. Amin.