Kafin ka canza allon motarka, duba eriyar GPS

Da zarar ɗigon nan mai shuɗi ya daskare a Google Maps, ko muryar ta ce siginar GPS ta ɓace, yawancinmu kamfanin layi muke fara zagi. In kuma allon Android ne na cikin mota, sai a nufi wajen mai rewaya, shi kuma ya ce allon ya mutu, a sayo sabo. A ganina wannan asarar kuɗi ce a mafi yawan lokuta, domin matsalar ba ta cika kasancewa a cikin allon ba, kuma binciken da zai nuna inda take bai fi na minti goma sha biyar ba.

GPS ba sabis ɗin waya ba ne. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma na'urarka sauraro kawai take yi, ba ta aika musu komai. Tana buƙatar jin aƙalla huɗu kafin ta gane inda kake. Data aikinta sauko da taswira ne da kuma taimaka wa waya ta kama taurarin da wuri. Saboda haka in hoton titi ya ƙi buɗewa amma ɗigon yana tafiya, wannan matsalar data ce, kuma maganinta ka sauke taswirar garinku a waya tun kana gida. In kuwa titunan suna nan amma ɗigon ya tsaya cak ko yana tsalle-tsalle, to siginar ce.

Siginar da ta taso daga wannan nisan tana isowa da rauni sosai, ƙarfe kaɗan ya isa ya tare ta. Nan ne masu haɗa allon Android suke cutar mutane. Eriyar GPS wani ɗan ƙaramin akwati ne baƙi mai doguwar waya, wanda ya kamata a manna a saman dashbod kusa da gilashi, fuskarsa tana kallon sama. Amma don aiki ya yi kyau a ido, sai a cusa shi a bayan allon, tsakanin ƙarafa da tulin wayoyi, wani lokacin ma a kife. Wani ko ɗaure bakin wayar ba ya yi da kyau, sai ramukan titi su sassauta shi bayan 'yan makonni. Eriyar tana karɓar wuta kaɗan, wajen bolt 3 zuwa 5, daga allon ta cikin wannan wayar, don haka in ta karye ko aka matse ta, shi ke nan. Kuɗin sabuwar eriya bai kai ko kusa da na allo ba.

Yadda za ka gane da kanka: sauke manhajar GPSTest a wayarka da kuma allon motar. Faka a fili, nesa da dogayen gine-gine da rumfar kwano. Fita waje da wayar ka ga taurari nawa ta kama da ƙarfinsu. Lambar da ta haura 30 tana da kyau. Sai ka shiga mota ka rufe ƙofa. In lambobin suka zube tun ba ka tayar da injin ba, zargi gilashin. Wasu ledojin baƙin gilashi suna da ƙarfe a cikinsu, haka wasu gilasan gaba masu tare zafi na motocin Turai. In kuma sai ka kunna mota suke zubewa, to wani abu ne a ciki yake yi wa siginar hayaniya.

A nan caja mai araha ce babbar abin zargi, sai kyamarar dashbod da ɗan abin nan da ke jona waƙa ta rediyon FM. Cire su ɗaya bayan ɗaya kana kallon lambobin. Mutum zai sayi waya mai tsada, ya jona ta da cajar da ya saya a go-sulo, sannan ya ce wayar ce ba ta da kyau.

Ita ma wayar tana da nata laifin. Tsarin tattalin batir yana iya hana Maps aiki sosai, musamman in allo ya mutu, kuma dole ka ba manhajar izinin sanin ainihin wurin da kake. Ajiye waya a ramin kofi kusa da giya shi ma kuskure ne, don rufin mota ya tsare mata sama.

Kada ka yi gaggawar yanke hukunci bayan an cire batirin mota. Na'urar da ba ta da intanet tana iya ɗaukar mintuna kafin ta sake tattara bayanan taurarin, cikakken jadawalinsu ma minti 12 da rabi yake ɗauka. Bar ta a fili ta gama. Motocin kwatano masu nabigeshon na asali kuwa, da yawa lafiyarsu ƙalau. Taswirar Amurka ko Japan ce a cikinsu, shi ya sa suke nuna ka a fili fetal.

Ga direban Bolt ko mai kai saƙo, wannan batun abinci ne: ɗigon da ya kauce yana sa fasinja ya soke tafiya. Ga mai tafiyar dare a hanyar da bai sani ba, kwana ɗaya da aka wuce na iya jefa shi inda bai kamata ya bi ba. Don haka in mai rewaya ya ce a canza allo, ce masa ya fara fito da eriyar ya ɗora a kan dashbod, a buɗe GPSTest a gabanka. In taurarin suka dawo, kuɗin aiki kawai za ka biya. In ba su dawo ba, a jona wata eriyar a gwada kafin a yi maganar allo.