Kada ku zuba kuɗinku a sandar tuƙi

Ɗan yayata ya zo min da buƙata makon jiya. Ya tara 'yan kuɗi daga dakon albasa a kasuwar Malanville, yana son in sa a sayo masa sandar tuƙi daga Kwatano, irin wadda ake wasan jirgin sararin samaniya da ita a kwamfuta. Na ce masa a'a, kuma ga dalilina, don na san ba shi kaɗai ne ke wannan mafarki ba.

Hanya uku ce ake tuƙa waɗannan jirage: kibod da maus, manet irin ta PlayStation, ko sanda mai haɗe da abin ƙara wuta. Gaskiya sandar tana da daɗi, musamman a Elite Dangerous da ya fito a 2014, inda ake kokawa da jirgi ta kowace kusurwa. Wanda ya taɓa riƙe ta zai ce maka sauran duk wasan yara ne, kuma ban ƙaryata shi ba.

To amma mu duba inda muke. Kwatano ta fi kilomita 700 daga nan. In ƙurar hunturu ta shige ta, sandar ta fara karkata gefe guda, wa zai gyara? Manet kuwa ko a ɗakin wasan unguwa akwai mai buɗe ta. Kibod ma in ya mutu, gobe ka sami wani.

Sannan abin da yaro zai koya ba a hannu yake ba, a ka yake. A Kerbal Space Program na 2015, sai ka gane yadda jirgi ke kewaya duniya, da lokacin kunna inji, da man da zai ishe ka komowa. Kibod ya wadatar da wannan duka. Kai, ko kumbon Crew Dragon da ya kai Bob Behnken da Doug Hurley tashar sararin samaniya a 2020, allon taɓawa suka yi aiki da shi.

Tun da aka rufe gadar Gaya a 2023 kowa ya san yadda kuɗi suka yi wuya a garin nan. Shawarata ga matasa: ku fara da abin da ke hannunku, ko wayar ce ma, akwai Spaceflight Simulator. Ɗan yayata dai na ce ya sayi manet ta hannu, sauran ya kai wa uwarsa ajiya.