Filin Mai Garka: Ciwon salati a ƙasa yake

Daga Gazawa da Agye, a kwarin Gulbin Kaba, har Tibiri da Gidan Rumji, a bakin Gulbin Maraɗi, masu noman rani suna shuka salati don yana kawo kuɗi da wuri. Amma akwai wani ciwo da ya kamata kowane mai garka ya sani, don yana iya cinye fangali ɗungum.

Ga alamarsa. Ganyen ƙasa ya yi rawaya. Salatin ya tsumbure, ya yi yaushi, ko da an ba shi ruwa safe da yamma. In aka tumɓuke shi, aka tsaga saiwar da wuƙa, sai a ga cikinta ya yi ja-ja. Saiwa mai lafiya fara ce.

Wata irin funfuna ce ke kawo shi. Masana suna ce mata Fuzariyom. A Japan aka fara ganin ta ga salati a 1955. An gan ta a Amurka a 1990, a Italiya a 2002. Cikin ƙasa take zaune. Tana shiga ta saiwa, ta toshe hanyar ruwa. Shi ya sa fesa magani bisa ganye asarar kuɗi ce. Tana iya yin shekaru a fangali, kuma ta fi ƙarfi in ƙasa ta yi zafi.

To, me manomi zai yi?

1. Ya dasa salati cikin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu.

2. Ya yi rainon iri a ƙasar da ba a taɓa shuka salati ba.

3. Wanda ya kamu, a cire shi da saiwarsa, a ƙone. Kada a jefa shi cikin taki.

4. A wanke hauya da takalmi kafin a shiga wani fangali. Kada ruwan fangali mai ciwo ya gangara ga na lafiya.

5. A canja shuka. Inda ciwon ya fito, a sa albasa ko masara, shekara 3 ko fi.

6. A sa taki ruɓaɓɓe, ba ɗanye ba.

7. A gasa ƙasar da rana. Cikin Afrilu da Mayu, a kafce fangali, a jiƙa shi sosai, a rufe da leda wadda ake ganin ƙasa ta cikinta, a binne bakinta. A bar ta sati 4 zuwa 6. Zafin yana kashe funfuna da yawa, har da irin ciyawa. In an gama, a naɗe ledar a ajiye, kada awaki su ci.

Wanda ya ga alamar, ya kai saiwar ga malamin gona na garinsu, ko tashar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, kusa da Maraɗi. Ya kuma faɗa wa maƙwabtansa, don ruwa da hauya ba su san iyakar garka ba.