Dillalai Na Sayar Da Gonar Da Ba Su Biya Ba

Edita, ka ba ni fili in koka kan dabarar wasu dillalai a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Dillali zai ba mai gona kafin alƙalami, a rubuta takarda, sai ya sayar wa wani takardar da riba, alhali bai cika kuɗi ba. In mai sayen ya janye, ba kuɗi ba noma, damina ta wuce gona na kwance. Haba jama'a! Dokar filaye ta 1978 ta hana gonar karkara canja hannu sai da yardar ƙaramar hukuma. Ina roƙon uwayen ƙasa da hakimai kada su sa hannu sai an rubuta ranar cika kuɗi, mai gona kuma ya san wanda za a miƙa wa takardar.

Wani manomi,
Sanyinna, Ƙaramar Hukumar Tambuwal.