Ina Kansilolin 'Yan Sawaba A Birnin Kano?

Ran 26 ga Oktoba 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Kano. Da hukumar zaɓe ta jiha ta faɗi sakamako, sai aka ji jam'iyyar NNPP, wadda take riƙe da gwamnatin jihar a lokacin, ta kwashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484, ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba. Kada mu yi saurin ɗora laifi a kan jam'iyya guda, gama a Janairun 2021, sa'ad da APC take kan gado, ita ma haka ta yi. Sau da yawa ma babbar jam'iyyar adawa ba ta shiga zaɓen, tana cewa an riga an rubuta sakamako. To, ashe daga Ƙofar Mata har Ƙofar Kabuga, daga gindin Dala har Gwale, babu mazaɓa ko ɗaya da za ta so ɗan wata jam'iyya ya wakilce ta? Mu dai ba mu yarda ba.

Abin da ya tuna mana da wannan zance shi ne labarin wata ƙaramar jam'iyya a Amurka da ake kira Libatariyan, wato masu neman a sakar wa kowa mara. An kafa ta a 1971. Aƙidarta ita ce hukuma ta rage haraji, ta rage yawan dokoki da lasisi, ta bar mutum ya nemi abincinsa muddin bai cuci wani ba. Ba ta taɓa cin shugabancin ƙasa ba, ba ta taɓa cin gwamna ba. Ɗan takararta da ya fi samun ƙuri'a, Gary Johnson, kashi 3 cikin ɗari ya samu a 2016. Duk da haka jam'iyyar ba ta mutu ba, domin 'ya'yanta fiye da ɗari sukan riƙe ƙananan kujeru na zaɓe, kamar majalisar gari, hukumar makarantu da hukumar ruwa. A nan ne jama'a suke gwada su, su ga ko abin da suke faɗa a bakin taro shi ne suke yi a ofis.

Ba sai mun je Amurka neman irin wannan jam'iyya ba. A nan Kano aka kafa NEPU ran 8 ga Agusta 1950, wadda talakawa suka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu Kano, ɗan unguwar Sudawa a cikin ganuwa, shi ya zama jagoranta. Kukan 'yan Sawaba shi ne En'e ta yi wa talaka nauyi: ga haraji, ga jangali, ga aikin tilas, ga 'yan doka da gidan yari, ga kotun da mai mulki yake juyawa yadda ya so. Lalle akwai bambanci tsakaninsu da waɗancan na Amurka. 'Yan Libatariyan suna son hukuma ta janye hannu daga kusan kome, 'yan NEPU kuwa suna son hukuma ta gina wa talaka makaranta da asibiti. Amma sun haɗu a magana ɗaya, cewa mai mulki yana da iyaka, talaka kuma yana da bakin da zai ce a'a.

Hanyar ba ta zo musu da sauƙi ba. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa hawa, 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a birnin Kano. Amma doka ta ba En'e iko ta ƙara nata mutane a matakin ƙarshe, saboda haka ko ɗan NEPU ɗaya bai kai Majalisar Kaduna ba. An ɗaure da yawa daga cikinsu, an yi wa waɗansu bulala. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri, har korarta aka yi daga Kano. Malam Aminu kansa ya faɗi zaɓen 1954, sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Ikko.

Maƙwabtanmu ma sun ga irin wannan. A Ilori, ƙungiyar talakawa ta Talaka Parapo ta ci rinjaye a majalisar En'e a 1957, gwamnatin Jihar Arewa ta rushe majalisar a 1958. A Nijar, an zaɓi Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba, ya zama magajin garin Yamai a 1956, kafin a haramta jam'iyyar a 1959. Idan ƙaramar kujera ba ta da amfani, me ya sa masu iko suke jin tsoron ta faɗa hannun 'yan adawa?

Wahalar waɗannan mutane ba ta tafi a banza ba. A zamanin Janar Gowon aka karɓe 'yan doka, kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka kafa majalisu na zaɓe, matan Arewa kuma suka fara jefa ƙuri'a. A 1979 jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Dattawanmu na ƙauye da na birni suna tune da murnar da aka yi.

Amma bari mu faɗi gaskiya dukanta. A Jamhuriya ta Biyu gwamnoni, har da masu kiran sunan talaka, sun riƙe ƙananan hukumomi da mutanen da suka naɗa, maimakon waɗanda jama'a suka zaɓa. Kuma tun da kuɗin ƙaramar hukuma ya koma na kason man fetur daga asusun tarayya, sai talaka ya daina tambayar inda kuɗin yake tafiya, yana gani kamar ba nasa ba ne. Ciyaman shi ma ya daina duban unguwa, ya koma duban gidan gwamnati. An sauke wa talaka kaya ɗaya, amma mai tsaron dukiyarsa ya ɓace. Sawaba ta tsaya a rabin hanya ke nan.

Mene ne aikin ƙaramar hukuma? Tsarin mulki na 1999 ya ba ta kula da kasuwanni da tashoshin mota, kwashe shara, maƙabartu, magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, rajistar haihuwa da mutuwa, lasisin shaguna, keke da amalanke, da sa hannu a makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Duk abubuwan da suke taɓa mu kullum ne. Mai kayan koli a Kasuwar Kurmi da ake yanka wa rasit biyu a rana ɗaya, mai turin baro a Ƙofar Wambai, magidancin da ruwa yake shiga zaurensa duk damina saboda kwata ta toshe, iyayen da 'ya'yansu suke zaune a ƙasa a aji, dukansu hukumar da ta fi kusa da su ita ce ƙaramar hukumar Birni, ko Dala, ko Gwale. Shugaban ƙasa bai san sunan lungunsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce, me kansila ɗaya zai iya a tsakiyar mutum goma? Zai iya neman a karanta kasafin kuɗi a fili. Zai iya tambayar nawa aka tara a kasuwa a wata, nawa ya shiga asusu. Zai iya ƙin ɗaga hannu idan aka kawo sabon kuɗin shiga da ba shi cikin doka. Zai iya komawa unguwa ya faɗa wa mutanensa abin da aka tattauna. Ko an rinjaye shi da ƙuri'a, an san akwai ido. Majalisar da kowa a cikinta yake cin albarkacin ubangida ɗaya, wa zai tambayi wani?

Wani kuma zai ce wahalar banza ce, tun da gwamna ne yake naɗa hukumar zaɓe ta jiha. Wannan kuka yana da tushe. Amma mu duba Abuja, inda hukumar zaɓe ta ƙasa take gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi: a Fabrairun 2022 PDP ta ci uku, APC ta ci uku. Ashe inda aka ƙirga ƙuri'a da gaskiya, mutane suna rarraba ta. Sa'an nan ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a biya ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya ɗora kantoma. Hukunci ne mai kyau, sai dai takarda ba ta tsaron kanta. Idan kuɗi ya sauko ƙaramar hukuma babu mai sa ido, wurin ɓarnar kawai aka sauya.

Saboda haka muna kira ga ƙananan jam'iyyu su daina ɓata ƙarfinsu wajen buga hoton ɗan takarar shugaban ƙasa da ba shi da wakili ko a rumfa ɗaya. Su zaɓi mazaɓa biyu ko uku, su tsai da mutum mai gaskiya wanda unguwa ta sani, su tsare akwati har a gama ƙirga. Mu kuma, 'yan'uwa, mu mallaki katin zaɓe, mu san sunan kansilanmu, mu fita ranar zaɓen ƙaramar hukuma kamar yadda muke fita na gwamna. Malamin makaranta da ya yi ritaya, ma'aikaciyar asibiti, ɗan kasuwa mai riƙon amana, kada su raina wannan kujera. Mu haɗa kai da maƙwabtanmu, ko wane ne su, gama kwatar da ta toshe ba ta tambayar gidan wa za ta shiga. Mu kuma goyi bayan masu neman a gyara yadda ake naɗa hukumar zaɓe ta jiha.

Malam Aminu ya rasu a Afrilun 1983, gidansa na Mambayya yana nan a Gwammaja, kowane ɗan siyasa kuma yana son a ce shi ne magajinsa. Wanda yake nufin haka da gaske, ya bar ɗan adawa ya ci kujerar kansila idan unguwarsa ta zaɓe shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, shirin zaɓe mai zuwa yanzu ya kamata a fara shi. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka.